Binta Huɗu a Fayil Ɗaya

"Ni aka yanke wa ƙafa? To da me na tako daga Unguwa Uku, 'yar nan?"

Abin da na tarar ke nan yau a wani ƙaramin asibiti a Gyadi-Gyadi. Hajiya Binta ta zo karɓar maganin hawan jini, kwamfuta kuma ta nuna wa nas mai ciwon suga ce, saura ƙiris a yi mata allura.

Tsohuwar ɗalibata Nafisa ce ta kira ni. Ita ta kwashe musu bayanan marasa lafiya daga tsohuwar manhaja zuwa sabuwa.

"Kin fara gwadawa a kan kwafi?"

"Malam, likita sauri yake. Na dai haɗe masu suna ɗaya da ranar haihuwa ɗaya."

"Haba Nafisa! Kakarki ta san ranar da aka haife ta?"

Duk tsohon da bai san ranar haihuwarsa ba, masu yankar kati ɗaya ga Janairu suke rubuta masa, su kintaci shekara. Binta Muhammad huɗu suka zama mutum ɗaya!

Allah Ya taimaka ba a goge tsohuwar kwamfutar ba. Muka koma kanta, Hajiya ta karɓi maganinta tana cewa, "Ku gaya wa na'urarku ƙafata biyu."

Sau nawa zan faɗa, ɗalibaina? A ajiye kwafi, a gwada, sannan a kwashe. Ku duba rumbun bayananku yau, ku gaya min: mutum nawa aka haifa ɗaya ga Janairu?