Shekarar da Mijina Ya Gayyato Shirwa

Ko na manta sunan jikokina, ba zan manta da kakar da wani nasara ya zo Gure ƙidayar shirwa ba. Bayan babban farin nan ne da ya cinye mana shanu. Abin da ya rage mini a duniya kaji ne da ƴan tsakinsu, da su nake fatan in sake mallakar ko da akuya.

Maigidana gadi yake yi a biron kumandan, wato ofishin mai mulkin gari, yana jin faransanci gutsi-gutsi, don haka aka haɗa shi da baƙon. Wai tsuntsaye masu farauta suna wucewa kudu idan damina ta ɗauke, shi kuma aikinsa ya zauna kan tudun rairayi da madubin hangen nesa yana ƙirga su. Mu da muke korar shirwa da muciya, ga wani ya taso daga ƙasarsu don ya kalle ta.

Kwanakin farko sama fayau, sai ɗaya-ɗaya ke giftawa. Nasara ya dinga dawowa fuska a murtuke. Maigidana ya kasa cin tuwo.

"Ke, baƙo ya zo garinmu neman abu ya rasa? Me za a ce da mutanen Gure?"

Na ce, "Malam, tsuntsu ne fa, ba ruwan sha ba."

Bai saurare ni ba. Ya je wurin mahauta ya roƙo hanji da tarkacen nama, kullum da sassafe ya watsa su a kwarin da ke bayan tudun, inda baƙon ba ya gani. Kwarin nan kuwa bayan dangarmu yake.

Nan da nan shirwar Gure kaf ta hallara, ina jin har ta garin Bune ta samu labari. Su yi sama, su kewayo, su sauka, su sake tashi. Nasara yana ta ƙirgawa har wuyansa ya ƙage. Akwai wata mai gutsurarren fiffike da na sani sarai, ita kaɗai ta wuce kudu ta dawo ya fi a faɗa.

Da hanjin ya ƙare kafin azahar, sai su leƙo tsakar gidana. Na yi jifa, na yi ihu, na kife ƴan tsaki da kwando, amma kaza ba ta kwana ta wuni a rufe. Ina daka, ina ji ana ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Ranar da na ƙarshe ya tafi, na zauna bakin turmi na yi kuka sosai.

Nasara ya tafi yana murna, ya ce bai taɓa ganin hanyar tsuntsaye irin ta Gure ba. Ya ba maigidana tsohuwar malafarsa. Mutumin nan ya shigo da ita a ka, yana tafiya kamar sabon ango.

"Kin gani? Mun fita kunyar baƙo. Ya ce baɗi zai dawo da abokansa."

Shirwa dai ba ta je kudu ba a shekarar, ta ga wurin zama. Tun daga ranar, in na ji ana yabon namiji da karamci, sai in tambayi matarsa me ta rasa.