Azarar Kankare

A shekarun da buhun siminti ya gagari talaka, ina da ɗan shago a bakin hanyar Dawakin Tofa. Rodi da siminti nake sayarwa, ko in ce nake gadi. Da azahar sai in kishingiɗa a kan buhuna, ina kallon gonakin tsallaken titi har idona ya lumshe.

Wani injiniya da aikinsu ya tsaya a Rijiyar Zaki yakan zo shan inuwa. Shi ya ba ni labarin garuruwan da ƙasa ke girgiza. Ya ce a can jan wayar ƙarfe ake yi tamau, a zuba kankare a kanta, in ya bushe a sake ta, ta matse shi. In ƙasa ta motsa, gini ya yi layi ya dawo mazauninsa.

Na daɗe ina ganin gidajen nan in na rufe ido, dogaye, suna rangaji kamar karan dawa, mutane a ciki suna shan shayi abinsu. Amma abin da na riƙe shi ne waya ta fi rodi araha.

A lokacin gara ta cinye azarar ɗakin Inna, mahaifiyata, ga damina ta matso. Na ja waya da jek ɗin mota tsakanin kututture biyu, injiniya na tsaye yana cewa in ƙara. Muka zuba dogayen kankare a madadin azara, muka gina mata sabon ɗaki kusa da tsohon, muka rufe shi da su.

Inna ta leƙa, ta ɗaga kai. "A ƙarƙashin dutse zan kwana?"

"Inna, ko ƙasa ta girgiza ba zai faɗo ba."

"Tun da aka haife ni ƙasar nan ba ta motsa ba. Azara in za ta karye sai ta yi ƙara, mutum ya fita. Wannan me zai ce min?"



Ruwa ya sauka, tsohon rufin ya fara yoyo yana lotsawa. Ta sa aka kwashe geronta zuwa sabon ɗakin, ita kuwa ta ƙi komawa. Sai dai takan shiga da rana, wai korar ɓera.

Wata la'asar na dawo ana yayyafi, na tarar da ita a kan tabarma a gefen buhunan, tana barci, carbi a hannu. Ban tashe ta ba. Washegari na sa aka shigar da gadonta, ba ta ce a fitar ba.