Gabas Ɗin Dai?

Ana idar da sallar asuba muka bar Kiyawa, ni da abokin aikina na ofishin gona. Mai adaidaita ya caje mu kuɗin mutum huɗu, wai sammako ma fasinja ne. A Dutse muka sha koko da ƙosan zamani, wanda bai kai girman goro ba, sannan muka wuce filin jirgi.

Jan baki ne suka fito da mu. Tsuntsayen sun sauka wa geron mutanen Jahun, aka turo ƙaramin jirgi, aikina in zauna kusa da matuƙi in nuna masa inda suke kwana. Ban taɓa shiga jirgi ba, don haka da aka maƙala mini abin sauraro a kunne, addu'ar da na sani duk na karanta.

Muna tsaye a bakin titin tashi, mutumin hasumiya ya nemi matuƙi da Turanci ya tabbatar da inda zai fuskanta in ya tashi. Ya ce gabas. Aka ba shi izini. Ya ɗora hannu zai ba jirgi wuta, sai wata murya ta shigo ta abin sauraron, a hankali, da Hausa tsantsa.

"Gabas ɗin dai?"

Innarmu takan ce kada ka amsa muryar da ba ka ga mai ita ba. Shi kuwa matuƙi ƙa'idar aikinsa ce, in aka yi masa tambaya ba ya motsawa sai ya amsa. Ya janye hannu, ya ce gabas, ya saurara. Shiru.

Muna cikin jiran nan sararin gabas ya yi baƙi. Jan baki ne, sun toshe ƙarshen titin kamar hayaƙin ƙonon daji, daidai inda da mun ɗaga. Ko ni na san da farfelar jirgi ta shiga cikinsu, da mun faɗo.

Matuƙi ya kira hasumiya ya yi godiya. Mutumin ya ce shi sau ɗaya ya yi tambaya, kuma ba wani jirgi a layin rediyon.

Mun tashi daga baya, mun gano makwancinsu a wata fadama, mun dawo lafiya.

Da yamma na ba Inna labari. Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce, "Ya kyauta da ya amsa."

Ni dai na koyi abu ɗaya. In aka sake tambayata inda na dosa, ba na fushi. Tsayawa nake in ɗaga kai.