Kunnen Tsoho Tomizo

Tsoho Tomizo, maharbin ƙauyenmu a tsibirin Hokkaido na ƙasar Japan, kunnensa ɗaya ne. Beyar ce, ƙatuwar dabbar daji mai farata, ta tafi da ɗayan, ranar da ya harbe ta da ƙaramin harsashi. Tun daga nan ba ya ɗura komai sai tsohon babban harsashi da ake kira magnum, mai shurin kafaɗa kamar doki.

Bara na raka shi daji. Ya harbi wata beyar, ta kife. Na ɗaga ƙafa zan matsa, ya damƙe rigata.

"Maƙwabci, kunnuwanka sun yi maka yawa ne? Dubi tafinta. Matacciya buɗe shi take yi."

A dunƙule yake.

Tomizo yana cikin sake ɗurin bindiga, tafin ya motsa.