Duron da Na Ba 'Yan Kondem

Shekara biyar ke nan da muka kai kakata Mma Adiza makwancinta a nan Yendi. Ban yi niyyar rubuta komai ba. Ni da sukuru mun rabu tun ina aji biyu na sakandare, kuma har yau ba wanda ya yi kewar wani. Amma watan jiya hitar ruwan zafin da na saka mata a banɗaki ta mutu. Ta yi wani ƙara kamar akuya ta shaƙe, ta tsiyaye ruwanta a ƙasa. Ina tsaye da sifana a hannu sai na ji kamar tsohuwar tana bayana tana cewa, "To Maigida, ita ma ta gaji da kai?"

Maigida take ce mini, ni kuma in ce mata Amarya, irin wasan jika da kaka. Kullum ina barazanar zan sake ta in auro mai haƙora, ita kuma ta ce mijin da bai taɓa kawo cefane ba ai sakinsa hutu ne. 'Yar Salaga ce, aure ya kawo ta Yendi, kuma har ta bar duniya ba ta yarda akwai wanda ya san ruwa kamar mutanen garinsu ba. "Mu a bakin rijiya muka yi rarrafe," in ji ta.

Tana da wani rabin duro, baƙi ƙirin, a kan duwatsu uku daf da zaurenmu. Da ta idar da sallar asuba za ta hura masa wuta. Kafin rana ta fito rabin layinmu na Zango sun jeru da bokiti: masu jego, masu yi wa yara wankan sukuru, tsofaffin da gwiwa ta hana su taɓa ruwan sanyi. Doka ɗaya ce a wurin, ba mai taɓa moɗa sai ita. Kuma ba ta zuba maka sai gaisuwa ta ƙare. Dagomba su yi mata ina kwana da yarensu, su ce "Dasiba", ta ce "Naa", daga nan ta shiga. Yaya tarin yaron? Maigidanki ya dawo daga Chereponi? Me ya kumbura miki ido? Nakan ce mata, "Amarya, wannan ai bodar Paga ce, ba a wucewa sai an amsa tambaya." Ta ce, "Kai dai ko takardar wucewa ba ka da ita, matsa."

Da na ƙi karatu aka tura ni Bawku koyon aikin famfo. Shekara uku na yi, na dawo ina jin babu fulamba kamata daga nan har Tamale. Na tarar idanunta sun yi ja da hayaƙi, tana tari, tana jan itace da ƙyar. Wallahi tausayi ne ya sa ni, wannan kam ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Amma akwai son burga a ciki. Na cire tsofaffin bututun ƙarfe da suka yi tsatsa, na ja na roba, na ɗora tanki a sama, na kafa mata hita a banɗakin cikin ɗakinta, da kan famfo biyu, ja da shuɗi. Na ce, "Amarya, ga lefenki. Murɗa ja, ruwan zafi. Ba itace, ba hayaƙi."

Ta murɗa, ta sa hannu, ta janye. Sai ta ce, "To mutane fa?"

Na ce, "Waɗanne mutane? Kowa ya dafa nasa. Ke ce gwamnati?"

A nan na yi kuskuren. Da ta ce mutane, ni wahala na ji ta ce. Na ɗauka tana tambaya wa zai ɗauke mata kaya, ashe tambaya take wa zai zo.

Ta ce in bar mata duronta, na ce to. Amma na san muddin yana nan ba za ta daina hura wuta ba. Da ta tafi Salaga sunan wata jika, masu tura amalanke suna neman tsohon ƙarfe, waɗanda muke ce wa 'yan kondem, suka biyo ta layinmu. Na kira su, na ce su ɗauka. Har ina taya su ɗorawa ina dariya. Da ta dawo ta tsaya a kan duwatsun nan uku da baƙin toka a tsakani. Na shirya tsaf ina jiran zagi, don na tanadi amsa. Ba ta zage ni ba. Ta ce, "Sannu da aiki, Bashiru." Tunda nake, ranar na fara jin sunana a bakinta.

Makon farko mutane sun zo da bokitinsu. Ta ce su shiga su tara a famfo. Amma wa zai ratsa ɗakin tsohuwa, ya wuce gadonta, ya shiga banɗakinta don ruwa? Kunya ta hana. Ɗaya bayan ɗaya suka daina. Ita kuma kullum da safe sai ta fito da kujerarta ta zauna a wurin, moɗa a cinya, tana kallon zaure. Tarin ya ragu, wannan gaskiya ne, har ina yi wa mutane alfahari da shi. Maganarta ma ta ragu, wannan kuma ban faɗa wa kowa ba.

Ba ta cika shekara da hitar ba. Da hantsi ta rasu, kuma tun jiyan ranar ba wuta a unguwa. Mata suka ce a kawo ruwan ɗumi na wanka. Na shiga banɗaki ina danna makunni kamar mahaukaci, na murɗa ja, ruwa ya zo da sanyinsa. Gidan da ya ba layi guda ruwan zafi, ba babbar tukunya ko ɗaya a cikinsa. Maƙwabciyarmu Mma Sanatu, Badagomba ce, mace da namiji duk "ya" ne a Hausarta, ta dafa ni ta ce, "Bar shi." Ta fita. Ba a jima ba sai ga mata suna shigowa ta zaure, wannan da buta, wannan da tukunyar miya, wannan da bokiti, kowanne yana tururi. Mma Sanatu ta ce, "Shekara nawa ya ba mu? Yau mu ma mu ba shi."

Da tana raye yau da ta sha dariya, don yanzu kusan kowane ɗaki akwai butar lantarki, ga dumso, wato ɗauke wuta, yana yi mana wasan ɓuya. Da hitar ta mutu, yayata Fusena ta bugo daga Bawku ta ce in sa irin waccan kawai in huta. Na ƙi. Na zaɓi mai aiki da rana, sola, don ba na son ranar nan ta sake maimaituwa a gidanmu. Kuma na fasa bango na ja bututu ɗaya har bakin zaure, na kafa jan famfo a kan duwatsun nan uku. Na bi layi na ce ruwan zafi ya dawo, kyauta.

Kwana biyu ba wanda ya leƙo. Rana ta uku sai ga Mma Sanatu, tana dogara sanda, bokiti a hannu. Ta tsaya gaban famfon ba ta taɓa ba. Daga ƙofar ɗaki na ɗaga murya, "Mma, murɗa kawai, ba ya cizo."

Ta ce, "Na san murɗawa. Ba mutum a gidan ne?"

Na shiga ɗakin tsohuwa na sauko da moɗar daga ƙusar da take rataye, na jawo kujerar na zauna. Ta ce, "Dasiba." Na ce, "Naa." Na tambayi gwiwa, na tambayi jikoki, daga nan tambaya ta ƙare mini. Na tara ruwa daga famfo a moɗa ina juyewa a bokiti, aikin banza in fulamba ya gani. Ta ɗaga bokitinta ta ce, "Bai iya tambaya ba. Adiza ya fi shi."

Yanzu mutum huɗu ke zuwa, wata rana biyar. Na iya gyara kowane bututu a garin nan, amma watannin da ta yi zaune a wurin da moɗa a cinya tana jiran sallama, ba sifanar da za ta kwance su. Allah Ya jiƙan ki, Amarya. Ban sake ki ba. Ina nan a bodarki da safe, ina koyon tambaya.