Kifin da aka kawo ranar ukun Yaya Isuhu

Da hantsi ne, ina juya karfasa a kasko, Rabi maƙwabciyata ta tsaya a kaina ta ce, "Hadiza, sai haƙuri. Yaya Isuhu ya cika a likita." Na ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Daga nan na ci gaba da juya kifin har ya soyu, na tsame, na kashe wuta. Har yau hawaye bai zo mini ba.

Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, masunci kamar mahaifinmu. Da ya ga kifi na ƙarewa a tabkin Madarumfa, sai ya ɗora wa kansa aikin da ba wanda ya sa shi. Wasu masunta sun koma jan sange, wato gidan sauron da ake raba wa mata, yana kwaso har ɗiyan kifin da ba su kai yatsa ba. Yaya yakan bi su gida-gida, ba da faɗa ba. Ya zauna ya saƙa wa mutum koma mai faɗin ido da zarensa, ya ce, "Maida sangen bisa gadon yara, don can aka yi shi." Suna yi masa tsiya, "Ga sarkin ruwa marar rawani!" Ya yi dariya ya ce, "Na ji. Ku dai bar ma jikokinku abin miya."

Ni ma bai ƙyale ni ba. Wata rana ya tarar da ƙananan kifi a tirena. Sai da ya yi wata guda bai ci tuwon gidana ba. Tun daga nan ban sake saye ba, ko da zan wuni ba suya.

Ranar sadakar uku, Malam Habu, masunci abokinsa tun ƙuruciya, ya kawo roba cike da kifi, gudummawar abincin masu gaisuwa. Na buɗe, duka ɗiyan kifi ne. Mata suka zuba mini ido. Gudummawar mutuwa ba a maida ta, kifin kuma ya riga ya mutu. Na karɓa, na yi godiya. Sai na ji bakina yana cewa, "Malam Habu, bayan bakwai ka kawo mini sangen nan. Komar Yaya tana rataye, taka ce." Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Hadiza." Aka soya, baƙi suka ci. Ni na kasa.

Bakwai ta wuce, bai zo ba. Gobe in Allah ya kai mu, ni zan ɗauki komar in kai masa har gida. Ban iya saƙa ba, amma na san ƙofofin da Yaya yake tsayawa.

Allah ya jiƙan Yaya Isuhu, ya yafe masa kurakuransa, ya sanyaya makwancinsa. Allah ya ba matarsa Zainabu haƙuri, ya raya abin da ya bari. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.