Buhunan Masarar Kawu

Ƙarfe goma da minti arba'in na safiyar wata Talata kwamfuta ta fito mini da sakamakon binciken da na yi a kan manoman masara. Ina ɗakin karatu na jami'a, saura wata biyu in miƙa kundin digirina na biyu a fannin lissafin tattalin arziki. Wai manomin da ya fi zuba taki shi ya fi samun masara kaɗan.

Na bi takardun tambayoyin da na cike da hannuna a garinmu Yako ɗaya bayan ɗaya, babu kuskure. Malamin da ke duba aikina ya ce in ban gano matsalar ba, kundin ba zai wuce ba. Na ce to. Kwana tara ina cin abinci ban san ɗanɗanonsa ba.

Ranar Asabar na sauka a Kwanar Ɗangora, na hau babur zuwa gida. Kawu, wanda ya tara mini manoman lokacin da na yi musu tambayoyin, yana zaune a zaure. Na durƙusa na gaishe shi, na karanta masa yawan masarar da ya ce mini ya samu duk da takin da ya zuba: buhu goma sha biyu.

Ya yi dariya.

"Talatin na samu, 'yar nan. A majalisa fa kika tambaye mu, kowa yana ji. Mai kaɗan ne zai faɗi gaskiya. Wanda Allah ya ba shi da yawa ai ragewa yake yi, saboda baki."